Laifi Tudu Ne

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma babu mai hankalin da ke bukatar a yi masa tafsirin wannan magana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jin da na yi an mai da ita garkuwa a bakin wanda ya fi kowa cancantar a gaya masa ita. A wata majami'a da ke tsakanin Sabon Gari da Zabi, wani matashin mai wa'azi, wanda Allah ya hore wa murya da fasaha, ya kafa lasifika yana bin ɗariƙun Kirista ɗaya bayan ɗaya, ya ce waɗannan sun ɓace, waɗancan imaninsu ya yi sanyi, har ya iso kan Hausawa Kirista, ya ce duk mai zuwa sujada da babbar riga da hula, yana sallama yana insha Allahu, to ƙafarsa ɗaya tana waje. Da aka tashi, wani dattijo ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, sassauta harshenka." Sai ya amsa, "Baba, ai laifi tudu ne."

Da ma matashin nan ya san asalin mutanen da ya yanke wa hukunci. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Zariya, balle a kafa Sabon Gari a gefen tasha, akwai wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga girmama Annabi Isa girmamawar da mahukuntan zamaninsa ba su lamunta ba, har aka kashe shi a kanta, almajiransa kuma, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa ƙasar Ningi da wasu sassa suna riƙe da abin da ya bar musu. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila, ɗan mishan, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905. Suka kafa gari a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira kuma suka haɗu da 'yan'uwansu, har mishan ta koma Wusasa a 1929. Da taimakon Hausawa irin waɗannan aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932, fassarar da majami'un Arewa suka daɗe suna karantawa ba tare da tambayar ɗariƙar mai fassara ba. Daga wannan al'umma Likita Dikko ya fito, daga ita Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru daga 1966 zuwa 1975. Mutanen da kakanninsu suka sha kora da annoba saboda imani, su ne yau ake auna imaninsu da ɗinkin riga.

To amma zuciyata tana yi mini gardama, tana cewa idan kowa zai kame baki don yana da nasa aibin, ina makomar nasiha, kuma wa zai tsawata wa azzalumi, alhali babu ma'asumi a cikinmu? Gardamar tana da ƙarfi. Linjilar Matta, wadda a sura ta 7 ta hana mutum ɗora kansa a kujerar alƙali kafin ya gyara halinsa, ita ce kuma a sura ta 18 ta umarce shi ya je wurin ɗan'uwan da ya yi kuskure, amma ya fara a keɓe, tsakaninsu biyu. Ashe dattijon da ya ja yaro gefe nasiha ya yi, mai lasifika kuwa tozartawa ya yi, ko da yake iyakar da ke tsakanin biyun tana cikin niyya, niyya kuwa Allah kaɗai ke ganinta.

Manyan Zariya ba su manta da watan Maris na 1987 ba, lokacin da fitinar da ta tashi a Kafanchan ta iso garin aka ƙona majami'u masu yawa, wutar kuwa ba ta bambanta na Katolika da na Baptis ko ECWA ba. Idan musiba ta iya haɗa mu, abin kunya ne a ce ƙauna, wadda Almasihu ya sa ta zama alamar almajiransa, ta kasa. Ƙaunar nan kuma ba ta tsaya a ƙofar majami'a ba, ta haɗa har da maƙwabci Musulmi da muke shan ruwan rijiya ɗaya da shi.

Ya ku masu hawa mumbari a Samaru da Sabon Gari, ku ji tsoron Allah game da harsunanku. Wanda ya ga kuskuren ɗan'uwansa ya kashe lasifika, ya taka zuwa gidansa, ya yi sallama, ya faɗa masa a asirce.