IDO DA MACIJI: TUNANI A KAN IDIN ƊAUKAKAR GICCIYE

A ranar 14 ga Satumba Ikkilisiya takan karanta mana Littafin Ƙidaya sura 21, inda macizai suka sassari Isra'ilawa a jeji, Allah kuwa ya umurci Musa ya ƙera macijin tagulla ya ɗaga shi bisa sanda, domin wanda aka sara ya dube shi ya rayu. Ku lura, maganin ta wajen ido ya zo.

Manomin Maiyama da ke yankan gero, in ya hangi wani abu a lanƙwashe cikin ciyawa, ƙafarsa takan ja da baya tun kafin ya san ko kububuwa ce ko igiya. Akwai wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa, bai wuce ƙwayar gyaɗa da yawa ba, masana suna kiransa amigdala. Shi ne mai gadi. Da ya ga alamar haɗari sai ya fizgi ido zuwa can, ya sa zuciya ta buga, hankali kuwa sai daga baya ya iso. A shekarar 2001 Arne Öhman da abokan aikinsa a Suwidin suka nuna cewa mutane sun fi saurin gano hoton maciji a tsakiyar furanni fiye da gano fure a tsakiyar macizai, masu tsoron maciji kuma sun fi kowa sauri. A wani gwajin suka ga zanen fuska mai fushi ya fi mai murmushi saurin kama ido. Wannan baiwa ce daga Mahalicci, kada kowa ya raina ta.

Amma mai gadin nan ba alƙali ba ne. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Labaran ɓarayin daji sun sare mu duka, Kirista da Musulmi. Saboda haka mutum yakan shiga kasuwar Jega, ko wajen masu albasa a Aliero, fuskoki da yawa su gaishe shi da fara'a, ya koma gida da fuska ɗaya tak a ransa, wadda ta murtuke. Wataƙila ciwon haƙori ne ke damun mai ita! Daga nan ake fara zargin baƙo, Bafulatanin da ya kawo nono ko shanu ya zama abin tuhuma alhali bai yi kome ba. Zargi marar hujja zunubi ne a kan doka ta takwas.

Allah bai ce wa Isra'ilawa su rufe ido ba, macizan na gaske ne. Ya ba idon wurin da zai kalla na biyu. A Bisharar Yohanna sura 3, Ubangiji Yesu ya kwatanta ɗagawar tasa bisa gicciye da wannan macijin. Kallon farko na jiki ne, ba ka da iko a kansa. Na biyun naka ne: ka tsaya, ka numfasa, ka sake duban fuskar, ka gaishe ta, ka ji yadda za ta amsa.