Littafin Mai Kanti da Littafin Mai Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Mai arzuta bayinsa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A Unguwar Dosa, kamar maƙwabtanta Badarawa da Kawo, da wuya a sami mai kanti wanda ba shi da ɗan littafi a ƙarƙashin tebur. A ciki yake rubuta mudun shinkafa da kwalbar mai da sabulun da aka aiko yaro ya karɓa, sai ƙarshen wata. Abin mamaki, mai kanti yana da littafi, amma magidancin da ake bi ba shi da shi. In an tambaye shi nawa ne a kansa, sai ya ce da dai ɗan dama.

Gaskiya ne tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kaya suka yi tsada, kuma Naira 70,000 da aka yanka mafi ƙarancin albashi a 2024 ba ta cike gurbin ba. To amma dattawa ba su manta da Udoji ba. A 1975 aka biya ma'aikata ariyas mai kauri, aka sayi babura da rediyo, farashi ya bi su a guje, zuwa 1982 gwamnati da kanta ta shiga tsuke bakin aljihu. Wanda bai iya lissafin kaɗan ba, mai yawa ma kuɓuce masa yake yi.

Cin bashi ba haramun ba ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wafati sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓar wa iyalinsa. Sai dai shari'a ba ta ɗauke shi da wasa ba. An taɓa kawo wata gawa, ya ƙi yi mata salla saboda 'yan dinarai, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ya kuma tabbata a Sahihu Muslim cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ne da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, tare da ajalinsa.

Labarin Zubairu ɗan Awwamu, wanda Buhari ya ruwaito, ya isa darasi. A ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya gaya masa cewa babu abin da ya fi damunsa kamar bashin da ke kansa. Bayan rasuwarsa, farkon abin da Abdullahi ya yi shi ne lissafi, ya tarar miliyan 2 da dubu 200 ne. Daga nan ya sa filin Gaba a kasuwa, wanda mahaifinsa ya saya a kan dubu 170, ya sayar a kan miliyan 1 da dubu 600. Da ya gama biya, 'yan'uwansa suka matsa a raba gado, ya ƙi. Sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, wai ko akwai sauran mai bi. A lura, bai tsaya ga addu'a kaɗai ba, ko da yake ya yi ta. Ya ƙirga, ya rabu da kadara, ya kuma jure wa ƙorafin dangi, wanda shi ne ya fi wuya.

Haka ya kamata magidanci ya yi. Ya zauna da uwargida, su rubuta kowane bashi da sunan mai shi da ranar biya. Ɓoye mata ba dattako ba ne, domin ita ke riƙe da tukunya. Sa'an nan a ware abin da yake wajibi: abinci, haya, magani, kuɗin makaranta. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa kowa ciyarwa gwargwadon abin da aka ba shi, ba gwargwadon abin da maƙwabci yake ci ba. Rabon masu bashi kuwa a fitar da shi ranar da albashi ya shigo, gama wanda ya jira ragowa ba zai gan ta ba. A fara da bashin ruwa, irin na kamfanonin da ke ba da rance ta wayar hannu, domin riba ce, kuma kullum ƙaruwa yake yi. A tuba, kada a koma.

Wurin ragi yana da zafi, don ya taɓa al'ada. Ankon biki ba farilla ba ne, haka gara da akwatunan lefe na gasa. Layya sunna ce a kan mai hali, ragon suna kuwa mustahabbi ne a wurin Malikiyya, amma sai a ga mutum ya ci bashin rago alhali mai kanti ya yi wata uku yana jiransa. Wai kunyar mutane! Kuɗin data da na gidan kallon ƙwallo su ma a sa su a takarda, su ne rariyar da ba a gani. Gida uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su auno buhun masara a kasuwar Kawo ran Talata, ya fi sayen mudu mudu a kan bashi.

Wanda ya kasa cika alkawari kada ya sake hanya don gudun ƙofar mai kanti. Ya je ya faɗi gaskiya, su yanka abin da zai iya duk wata. Aya ta 280 a Baƙara ta umurci mai bi ya saurara wa wanda ke cikin matsi, aya ta 60 a Suratut Tauba kuma ta sa waɗanda bashi ya danne cikin masu cin zakka, abin da attajiran unguwa kan manta. Amma mai hali da ke jan rai, hadisi ya kira aikinsa zalunci, domin shi ma mai kantin dillali yana binsa.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, amin.