Idan na'ura ta cuci talaka, laifin wa?



Yau ina so mu yi tunani bisa wata tambaya. Idan aka ba na'ura lissafi, ta lissafa, ta yanke hukunci, hukuncin nan kuma ya cuci talaka, wa za a kama? Na'urar, ko lissafin, ko mutum? Kada ka ce wannan zancen mutanen birni ne. Bari mu fara daga kasuwa.

Lissafi daidai, awo karkatacce

Ka kai hatsi kasuwa. Mai awo ya auna tiya 20, kowace tiya dala 100. Lissafi ya ce jikka 10 ke nan. Wannan lissafi daidai yake, ko a Maraɗi, ko a Damagaram, ko a ƙarshen duniya. To, in tiyar mai awon ta fi ta kowa zurfi fa? Lissafin yana nan daidai, amma kai an cuce ka. Kuskuren ba ya cikin ƙidaya, yana cikin ma'auni. Riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

Yadda na'ura take koyo

Wajen shekara ta 820, a birnin Bagadaza, an yi wani masani mai suna Alhawarizmi. Ya rubuta littafin lissafi domin ciniki, da awon fili, da rabon gado. Ya jera hanyar aiki daki-daki: yi kaza, sannan kaza, sannan kaza. Duk wanda ya bi matakan nan zai kai ga amsa, ko da bai gane dalilinsu ba. Daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar algoritim, wato jerin matakan lissafi. Kwamfuta kuwa mai bin matakai ce. Ba ta gajiya, ba ta hamma.

A zamaninmu an ƙara wani abu. Ba matakai kaɗai ake ba na'ura ba, har da misalai. Dubi ɗan makiyayi. Ba a makaranta ya koyi gane saniya marar lafiya ba. Ya ga shanu da yawa, ubansa yana cewa: waccan lafiyarta lau, waccan tana ciwo. A hankali idonsa ya faɗa. Haka ake yi wa na'ura. Ana nuna mata dubban hotunan ƙirji, kowane da abin da likita ya ce a kansa. Ta yi hasashe, a nuna mata ta kuskure, ta gyara lambobinta, ta sake. Tarawa ce da ninkawa, sau miliyoyi. Wannan shi ne abin da kuke ji a rediyo ana kira ƙirƙirarriyar basira.

Amfaninta ba kaɗan ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi aiki da irin wannan na'ura wajen duba hoton ƙirji, don gano waɗanda ake zaton suna da tarin fuka, daga ƴan shekara 15 zuwa sama. Wanda na'ura ta nuna, sai a gwada majinarsa a tabbatar. Inda babu gwanin karanta hoto, wannan taimako ne babba. Amma ɗan makiyayi abin da aka nuna masa shi ya sani. Na'ura ma haka.

Abin da ya faru a asibitocin Amurka

A Amurka asibitoci suna da shiri na musamman domin masu ciwo mai daɗewa, kamar ciwon suga da hawan jini. Ana ba su ma'aikatan da za su riƙa bin lafiyarsu. Shirin ba ya isar kowa, dole a zaɓa. Sai aka ba na'ura aikin jera marasa lafiya, wanda ya fi buƙata a sama. Irin waɗannan na'urori suna shafar mutum wajen miliyan 200 kowace shekara a ƙasar.

A 2019 wani likita mai bincike, Ziad Obermeyer, da abokan aikinsa suka duba ɗaya daga cikinsu. Sun bi bayanan marasa lafiya wajen 50,000. Abin da suka gano ya ba da mamaki. Idan na'ura ta ba baƙar fata da farar fata maki ɗaya, sai a tarar baƙin ya fi farin ciwo. Cikin mutum 100 da ta zaɓa, kusan 18 ne baƙaƙe. Da ciwo aka bi, da sun wuce 46.

Ka san wani abu? Ba a gaya wa na'urar launin fatar kowa ba. To, ta ina wariya ta shigo? Ta wajen ma'auni. Ba a ce mata ta nemo wanda ya fi ciwo ba. An ce ta nemo wanda za a fi kashe kuɗin magani a kansa baɗi. Masu ƙera ta sun ɗauka mai yawan ciwo shi ne mai yawan kashe kuɗi. Amma a can, saboda talauci, da wuyar zuwa asibiti, da rashin yarda da likitoci wanda tsohuwar wariya ta haifar, ana kashe wa baƙar fata kuɗi kaɗan. Ga mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, bambancin ya kai dalar Amurka 1,800 a shekara, wajen miliyan ɗaya na kuɗinmu.

Bari in kawo maka shi gida. A ce an aiko maganin kyauta na mutum 10 a garinku. Mai rabo ya buɗe littafin gidan likita, ya zaɓi waɗanda suka fi sayen magani bara. Sunan wa zai fito? Na mai hali. Gwauruwar da ke kwance a ɗaki tana shan saiwa, don ba ta da kuɗin mota, littafi bai san ta ba. A lissafi lafiyarta lau.

Laifin wa?

Na'urar ce? Na'ura ba ta da niyya, ba ta da kunya. Ba a kai ta gaban alƙali. Lissafin ne? Lissafin daidai yake, ya hango kuɗin da za a kashe kamar yadda aka sa shi. Saura mutum: wanda ya zaɓi ma'auni, da wanda ya saya bai bincika ba, da wanda ya karɓi hukunci bai tambaya ba.

Ban ce mugaye ne ba. Abin da ya ja su yana jan kowa. Kuɗi yana da sauƙin ƙirgawa, ga shi rubuce a takarda. Zafin ciwo kuwa ba ya da rasit. Sai mutum ya ƙirga abin da ke da sauƙi, ya sa masa sunan abin da yake nema. Rashin mugun nufi yana rage laifi, amma ba ya warkar da wanda aka bari a baya.

Akwai abu biyu da suka sa wannan ya fi tiyar kasuwa haɗari. Na ɗaya, mai awo mai ha'inci kasuwa ɗaya yake cuta, na'ura kuwa kuskure ɗaya take maimaitawa a kan miliyoyi. Na biyu, mutum yana iya musu da mai awo, amma yana jin nauyin musu da lamba. Da an ce «na'ura ce ta fitar», sai bakin kowa ya mutu.

A ƙasar Holan an ga ƙarshen wannan shiru. Ofishin haraji ya zargi iyaye fiye da 20,000 da cin kuɗin tallafin renon yara ta hanyar zamba, alhali ba su yi ba. Aka tilasta musu biya, gidaje da yawa suka faɗa bashi. Doka mai tsanani tana cikin dalilan, haka ma wata na'ura da ke ɗaukar rashin zama ɗan ƙasa a matsayin alamar zamba. Da gaskiya ta fito, ba na'ura aka tuhuma ba. A watan Janairu 2021 gwamnatin ƙasar gaba ɗaya ta yi murabus.

To, a jefar da na'ura?

Wani zai ce: «Malam, ai mutum ma yana son kai. Mun ga rabon da aka fara da ƴan uwan mai rabo.» Gaskiyarka. Na'ura ba ta da suruki, ba ta karɓar goro. Kuma kuskurenta yana gyaruwa in an yarda a duba. Masu binciken nan na Amurka sun zauna da masu na'urar, suka sa ta riƙa duban ciwo, ba kuɗi kaɗai ba. Bambancin ya ragu da kashi 84 cikin 100. Wanda ya ga tiya ta karkace ba ya daina awo, tiyar yake sakewa.

Abin kuma ya matso kusa da mu. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Togo ta raba tallafi ta wayar salula, cikin wani shiri mai suna Novissi. Da aka zo kan karkara, an yi aiki da hotunan tauraron ɗan Adam wajen zaɓen gundumomi 100 mafi talauci. Sannan na'ura ta duba yadda mutane ke amfani da waya, ta hasashe wa ya fi talauci. Kuɗi ya isa da sauri. Binciken da aka buga a 2022 ya nuna hanyar ta tsallake talakawa kaɗan bisa ga sauran hanyoyin da gwamnati ke da su a lokacin. Amma wanda ba shi da waya, na'ura ba ta gan shi ba. Yanzu ka ƙirga a garinku: su wa ne ba su da waya? Masu hali ne?

Tambayoyi uku

Saboda haka, ɗan uwa, ran da aka zo maka da jerin sunaye, na tallafi ko na bashi ko na taki, aka ce na'ura ce ta fitar, kada ka yi faɗa, kada kuma ka yi shiru. Yi tambaya uku cikin ladabi.

1. Me aka auna? Buƙata, ko wani abu mai kama da ita?
2. Wa ma'aunin bai gani ba?
3. In an yi kuskure, wajen wane mutum za mu kai kuka, kuma yana da ikon gyarawa?

Ba sai ka iya kwamfuta za ka yi waɗannan tambayoyi ba. Masanin da ke birni ya fi ka sanin lissafi, kai kuma ka fi shi sanin gidan da ba a hura wuta ba jiya. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. In babu amsar tambaya ta uku, a dakata da rabon sai an samo ta, domin hukuncin da ya shafi cin mutum da lafiyarsa dole a san wanda ya ɗauki nauyinsa.

Ku tattauna wannan a dandali da wajen taro. Sai mun sake saduwa.