Ratar da ke Cikin Agogo

Yau yawancinmu a waya mu ke duba lokaci, amma agogon da a ke wanawa da hannu yana da abin da zai koya mana. Cikinsa akwai ƙananan ƙarafa masu haƙora, wannan yana juya wancan. Akwai kuma wani ƙarfe mai lilo, a agogo da yawa yana bugawa sau 5 cikin daƙiƙa, watau sau 432,000 a yini da dare.

Mai ƙera agogo ba ya matse ƙarafan nan. Yakan bar 'yar rata tsakaninsu, wadda sau da yawa ba ta kai kaurin gashin kai ba. In babu ita, da zafin bazara irin na Kalgo ya buɗa ƙarfen, ko ƙurar hunturu ta shiga, sai agogo ya tsaya cik. In kuwa ratar ta yi yawa, sai haƙoran su riƙa kuɓucewa, agogo ya yi ƙarya.

To, ashe ƙauna ita ce a matsi juna? Mu dubi labarin Gwandu. A 1812 Shehu Usmanu ya raba kulawar ƙasa biyu, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa Bello, Abdullahi ya tarar da ƙofar Sakkwato a rufe, ya juya. Bayan 'yan shekaru, sa'ad da yaƙin Kalambaina ya tsananta masa, Bello ya kawo gudunmawa, suka shirya. Sakkwato ba ta haɗiye Gwandu ba, Gwandu kuma ba ta ɓalle ba. Haka suka zauna har zuwan Turawa a 1903.

A gidajenmu fa? Uban da ke ƙirga kowane takun ɗansa baligi, da uwar miji wadda ba ta barin amarya ta ɗora tukunya yadda ta iya, sun matse agogo. Wanda kuma ya ce ba ruwansa da ɗan'uwansa ya sake shi ƙwarai. Ko harshe da haƙori sukan saɓa, balle mu.

'Yan'uwa, ratar nan ba a ganinta da ido, gama ƙarama ce, amma sai da ita a ke tafiya tare. Bari mu kusaci juna har mu taimaki juna, mu kuma bar wa kowa wurin juyawa.