Baƙo a Ƙofa, Iyali a Ɗaki

In ana zancen yaƙi, sunan janar-janar ake ji, kurtun da ya kwana cikin taɓo ba mai tambayarsa. Kakanninmu da yawa Turawan Ingila sun kwashe su zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, suka gwabza da sojojin Japan a dajin da ko sunansa ba su taɓa ji ba. Sun dawo, sun tsufa, sun rasu, mu jikoki ba mu rubuta ko shafi ɗaya daga bakinsu ba. Wannan sakacinmu ne.

Cikin waɗanda suka rubuta nasu akwai Isaac Fadoyebo, Bayarabe Kirista daga wajen Owo. Ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka sa shi ɓangaren jinyar masu rauni. A watan Maris na 1944 Japanawa suka far musu a bakin kogin Kaladan, harsashi ya karya masa ƙafa, aka bar shi cikin gawarwaki. Wani talaka Musulmi na ƙauyen, mai suna Shuyiman, shi ya riƙa ciyar da shi, daga baya ya ɓoye shi a gidansa tare da wani soja ɗan Saliyo, har aka zo aka cece su a ƙarshen shekarar. Littafinsa shi ne A Stroke of Unbelievable Luck. Ɗan jarida Barnaby Phillips kuma ya bi sawun labarin har ya gano iyalan Shuyiman, ya rubuta Another Man's War a 2014.

To, ga tambayar da ta tsaya mana a rai. Shuyiman yana da mata da 'ya'ya, su ma amana ce a wuyansa. Da Japanawa sun gano, da wuya su bar kowa a gidan. Wani zai ce ganganci ya yi, ya sa iyalinsa a bakin kura saboda baƙon da ba danginsa ba, ba addininsa ba, yaƙin ma ba nasa ba. Maganar ba wofi ba ce, kar mu yi saurin watsar da ita.

Amma mu da ke zaune a ƙasar wasu ai mun san ɗaya gefen. Duk lokacin da rikici ya tashi, addu'armu ita ce Allah Ya haɗa mu da maƙwabcin da zai buɗe ƙofa ba tare da ya tsaya lissafi ba. In haka muke fata daga Bayarabe ko Ibo, da wane bakin za mu ce wa ɗansa babu wuri ranar da ya ƙwanƙwasa mana? Mu dai muna ganin Shuyiman ya yi daidai, ko da yake wallahi faɗa ya fi aikatawa sauƙi.

Littattafan da Turanci suke. Matasanmu masu karatun boko su nema, su karanta wa dattawa bayan Isha'i. Wanda kuma kakansa ya je Bama, ko mahaifinsa ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya same mu a ofis bayan sallar Juma'a mu rubuta abin da ya tuna.