Tatsuniyar Amurkawa da waɗanda suka ga kansu a ciki

Jama'a, yaranmu na kallon X-Men a waya, mu kuma muna ɗauka faɗa ne kawai da tashi sama. Labarin ya faro a Amurka a 1963, cikin littafin zane na Stan Lee da Jack Kirby. Jarumansa da baiwarsu aka haife su. Sai yaro ya fara balaga abin yake bayyana, ya shiga ɓoyewa, don in aka gane, har gidansu ma sai ya gagare shi.

Masu neman jinsi a Amurka suka karanta, suka ce ai rayuwarsu ce. Tun 1954 ƙa'idar da kamfanonin littattafan zane suka ɗora wa kansu ta hana fito da irinsu fili, sai a 1989 aka sassauta. A 1992 Northstar, wani jarumin Marvel, ya faɗa da bakinsa cewa shi ma cikinsu yake. A fim ɗin X-Men na 2003 kuwa, uwa ta dubi ɗanta mai baiwa ta tambaye shi ko ya taɓa gwada dainawa, tambayar da da yawansu suka sha ji a gida.

To, wayo ne a sa ka tausaya wa mutum kafin a gaya maka ko shi wane ne? Wasu za su ce an shammace su. Ni dai ban ga shammata ba. Labarin ya bar maka imaninka kan halal da haram yadda yake. Inda ya matsa maka shi ne: ƙin aikin mutum ya ba ka ikon raba shi da abincinsa, ko tara masa gayya da duwatsu? Mu mazauna Sabo mun san yadda taro yake idan ya yanke wa baƙo hukunci tun bai buɗe baki ba.

Sai dai fa misalin yana ɗingishi. Cyclops, ɗaya daga cikin jaruman, idonsa na rusa bango, don haka mai tsoronsa yana da hujja. Maƙwabcin da ake yi wa gori kuwa ba ya rusa komai. Wasu masu fafutukar ma sun gaji da kwatance, suka nemi a zana su yadda suke. A 2012 Marvel ta zana auren Northstar da wani namiji a bangon littafi, shekara 3 kafin Kotun Ƙolin Amurka ta halatta irin auren a faɗin ƙasar.