Sabon Direba da Hanyar Ƙetare

Tun shekarar 1929 da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta bi ta Gusau, ta zo ta tsaya a Ƙaura Namoda, garin ya zama matattarar kaya. Jirgi ba ya wuce nan, saboda haka gyaɗa da auduga da fatun da a ke sayowa a ƙasar Zurmi da ta Shinkafi a kan jakuna da raƙuma su ke isowa tasha. Daga baya manyan motoci suka karɓe aikin dabbobi, har a ƙarshe suka karɓe na jirgin kansa. Shi ya sa a wannan yanki da wuya a sami unguwar da ba ta da saurayi ɗaya ko biyu da ke bin babbar mota, yana ɗaura tamfol, yana sa wa taya dutse a hawa, yana jiran ranar da shi ma za a danƙa masa makulli.

To, ranar ta zo. Yaro ya ci jarrabawa, an ba shi lasin. Bai yi wata guda ba sai wani mai mota ya kira shi ya ce ga lodi za a kai Maraɗi, ko ma gaba da nan, ga kuma kuɗin hanya da bai taɓa riƙe irinsu ba. Ya kamata ya karɓa, ko kuwa ya ba da haƙuri ya ce sai ya ƙara gogewa a gida? Maganar ba ta wasa ba ce, don a cikinta akwai rai, akwai dukiyar mutane, akwai kuma sunan yaron da zai bi shi har tsufa.

Masu cewa ya karɓa suna da hujja, bai kuwa kamata a rena ta ba. Sun ce yaron nan ba don sha'awa ya shekara biyar yana kwana a ƙarƙashin mota ba. Yana da iyaye, yana son aure, aiki kuwa ba ya jiran mutum. Sun ce tafiya mabuɗin ilmi ce, ba wanda ya taɓa sanin hanya yana zaune a tasha. Sa'an nan suka ƙara da cewa wace ƙetare ce ma a ke ta zuzutawa? In mota ta tashi daga Ƙaura ta bi ta Zurmi da Gurbin Ɓore ta fita Jibiya, Maraɗi ce a gabanta. Maraɗi ta fi Kaduna kusa da Zurmi nesa ba kusa ba, mutanenta kuwa Hausawa ne, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, har da auratayya.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta ƙarshe. Da can in an ce yaro ya fara da hanyar gida, watau an zaɓa masa wadda ta fi sauƙi ke nan. Amma tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasar Zamfara, hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya sun shiga cikin hanyoyin da direbobi su ke bi da fargaba. A watan Satumba na 1921 ba wanda zai yi mafarkin haka, amma a Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya, har babbar kasuwar Shinkafi da ke ci ran Alhamis ta tsaya. Wanda ya ce kusa da gida ya fi kwanciyar rai, sai ya fara faɗin gidan da ya ke nufi.

Duk wannan gaskiya ne. Amma fa akwai abin da aka tsallake. Lasin shaida ce a kan hannu da ƙafa. Wanda ya jarraba yaron ya ga ya iya sa giya, ya iya taka birki, ya iya ja da baya, ya san alamun hanya. Bai jarraba shi a kan abin da zai yi ba in barci ya fara fizgarsa da asuba, mai kaya kuwa yana matsa masa ya ƙara wuta. Bai ga yadda zai yi magana da ma'aikaci mai fushi ba. Bai san ko zai iya cewa a'a ba in aka miƙo masa buhu biyu a ɓoye, aka ce ya tura su ƙarƙashin lodi, ga ladansa. Waɗannan ba a rubuta su a takarda, shekaru ne ke koya wa mutum su, kuma galibi ta hanyar kuskure.

A nan ne bambancin gida da ƙetare ya ke, ba a yawan mil ba. Direba ya yi kuskure tsakanin Ƙaura da Gusau, kafin la'asar labari ya kai tasha. Ubangidansa ya zo, shugabannin ƙungiyar direbobi su sa baki, makanikin da ya san motar tun tana sabuwa ya ɗauko kayan aikinsa. Kuskure ya zama karatu. Amma da zarar ya tsallake iyaka, ko da taku goma ne, wata doka ce ke aiki a kansa. Takardu da Faransanci a ke rubuta su, jandarma da ma'aikatan duwan kuwa ba su san ubansa ba. Ko ƙidayar kuɗi dabam ce, don a Nijar da dala a ke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, in mutum ya ce ɗari to sefa ɗari biyar ya ke nufi. Baƙon da bai san wannan ba yana iya ƙulla ciniki da Hausar da ya ke ji sarai, ya tashi da rigima. Tsofaffin direbobi ma suna tuna cewa kafin ran 2 ga Afrilu 1972 hannun hagu a ke bi a Nijeriya, a Nijar kuwa dama, sai mutum ya sake hannu a bakin iyaka. Wannan ya wuce, amma sauran bambancin yana nan.

Iyakar kanta ba ta da tabbas. A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli 2023 aka sake rufewa, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. A Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Duk lokacin da irin wannan ya faru akwai motocin da abin ke rutsawa da su a hanya da lodi a kai. Tsohon hannu ya san gidan da zai sauka, ya san wanda zai ranta masa kuɗin abinci, ya san yadda zai sayar da kayan da ke lalacewa da yardar mai su kafin su zama shara. Sabon yaro kuwa sai ya zauna a gindin mota yana kallon albasar mutane tana ruɓewa, ko kuwa wani ɗan fito ya ruɗe shi ya bi ɓarauniyar hanya, a kama mota da kaya.

Da a ce asarar ta yaron ce shi kaɗai, da sai a ce ya je, kowa da ransa da rabonsa. Ba haka abin ya ke ba. Motar ta wani ce, watakila ya sayar da gona da shanu ya saye ta. Kayan na 'yan kasuwa ne goma ko ashirin, waɗansunsu bashi suka ci. Karen motar da ke bayansa ɗan wani ne. Masu tafiya a kan hanya kuwa ba wanda ya shawarce su. Mutum yana da ikon yin kasada da abin da ya mallaka, amma amana ba a koyon aiki da ita. Jaruntakar da a ke yi da dukiyar wani ba ta da wuya.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun warware wannan magana tun kafin a san mota. Ba su hana yaro tafiya ba, ba su kuwa naɗa shi madugu a tafiyarsa ta fari ba. Ya bi ayari yana kora jakuna, ya ga inda a ke zango, ya ji yadda madugu ke sasantawa da sarakunan hanya a kan fito, shekara da shekaru, kafin a ce ya ja gaba. Sabon direba ma haka. Ya je Maraɗi, ya je har gaba da Maraɗi, amma a gefen babba, ya karɓe shi tuƙi in ya gaji, ya riƙe takardu ya bi shi ofis ya ga abin da a ke yi da su. Wannan ne kuma maganin hujjar nan ta hanyar gida, gama hanyar Shinkafi ma a irin wannan zamani ba ta wanda bai san lokacin fita da lokacin fakewa ba ce.

Sai dai nauyin bai kamata a jibga shi duka a kan yaron ba. Saurayin da ba shi da ko sisi, aka nuna masa makulli da kuɗi, da wuya ya kau da kai, kuma ba a yi masa adalci ba in aka ce lalle sai ya fi kowa haƙuri. Mai mota ya san dalilin da ya sa ya tsallake tsofaffin direbobin da ke zaune a tasha ya kira sabo. Sabo ba ya ciniki a kan albashi, ba ya cewa lodi ya yi yawa, ba ya cewa taya ta suɗe sai an sake. In mota ta dawo lafiya, riba ta mai mota ce. In ba ta dawo ba, a tasha sunan yaron a ke kira, a ce wane ne ya kashe motar Alhaji a tafiyarsa ta fari, daga nan kuma ba mai sake ba shi ko akori-kura. Kuɗin da mai mota zai kashe ya haɗa direba biyu a tafiya uku ko huɗu na farko bai kai kuɗin taya biyu ba, shugabannin tasha a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi kuwa su ne ke rubuta motar da za ta yi lodi, suna da ikon tambayar wanda zai zauna a gefen yaron kafin su sa hannu.